Atamfar Inna Hajara Mai Zanen Tsattsewa

Har yau in na ji ƙamshin sabon yadi, ranar da Inna Hajara ta shigo kantinmu nake tunowa. Ku da kuka fara aikin kantin nan jiya-jiya, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, ba dogon labari ba ne.

Lokacin ina akawun wani kantin atamfa a Minjibir, reshen wata masaƙa ta Kano. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, manomi sai ya sayar da gyaɗa ya yi ta jujjuya turmi a hannu kafin ya ce a naɗe masa. Don a ja masu saye, masaƙa ta fito da garanti: atamfar da ta zuba ko ta kece cikin wata huɗu, a dawo da ita da rasit, a ba da sabuwa. In wata huɗu ya wuce ko da kwana guda, ba ruwanmu. Ni nake buga hatimi, manaja kuma yana zuwa daga Kano duk Alhamis ya sa hannu.

Ranar da azahar ce, kanti shiru, rana na shigowa ta hujin kwano tana sauka a kan turamen, ni kuwa gyangyaɗi nake. Na buɗe ido na ga dattijuwa tsaye da ƙunshi. Ta kwance a hankali. Riga da zani ne, sun koɗe sun zama ruwan toka. Sai da na ƙura ido na gane tamu ce, shuɗiya mai zanen tsattsewa. Tsuntsayen duk sun tafi, sai ɗan alamar fuka-fuki nan da can.

Na duba rasit. Wata huɗu da kwana goma sha uku.

"Inna, kin makara," na ce. "Me ya hana ki kawo da wuri?"

Ta ce, "Ɗan nan, takaba nake."

Kunya ta rufe ni, wallahi. Ashe mijinta, Malam Sule, shi ya sayo mata, bayan kwana biyu ya kwanta dama. Mai takaba ba ta ado, sai ta sa atamfar a adaka. Da fita ta kusa aka ɗinka, ta saka ranar fitar. Kafin la'asar gumi ya rina mata wuya, wanki ɗaya kuma launi ya bi ruwa. Matan unguwa suka fara ƙus-ƙus, wai Malam da maƙonsa har ya mutu, jabu ya sayo mata.

"Ba mai maƙo ba ne," in ji ta. "Talaka ne dai."

Na ce ta dawo Alhamis.

Manaja mutum ne mai bin takarda sawu da ƙafa. Ya duba rasit ya turo mini. "Garba, doka doka ce."

Ni kuwa kun san ni da baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ce ta zauna wata huɗu da kwana goma, mu mun ce ta zo cikin wata huɗu. Wa za ta bi?"

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Can ya ce in kawo bokiti. Muna da ragowar wannan zubin, wato wadda aka buga tare da tata, a sito, ya yanki ƙyalle ya tsoma. Muka tsaya mu uku, ni da shi da Inna Hajara, muna kallo, shuɗin yana tashi a hankali yana yawo cikin ruwan kamar hayaƙi. Nan take ya sa hannu.

Na zaɓo mata sabon turmi na wani zubin, na bayyana mata ƙa'ida: za ta bar tsohuwar, a mayar masaƙa. Sai ta ja ƙunshinta ta rungume.

"A'a. Wannan shi ya ɗauko ta a bayan kekensa. Ku riƙe sabuwar."

"To Inna, me kike so mu yi miki?"

"A faɗa musu mai kyau ya saya."

Ba mu da fom na wannan. Manaja ya dube ni, ya miƙo mini ragowar yadin, ya ce gobe ba sai na buɗe kanti da wuri ba.

Washegari na hau keke na bi ta cikin gonaki, gero ya fi ni tsawo, raɓa na jiƙa mini wando. A ƙofar gidanta na sa aka kira mai unguwa, mata suka tsaitsaya a zaure suna leƙe. Na ɗaga rasit na karanta sunan Malam Sule, na ce lamba ɗaya ya saya, wadda ta fi kowacce tsada a kantinmu. Sannan na tsoma yadinmu a kwano a gabansu, ruwa ya rine. Na ce laifin namu ne, ba nasa ba.

Na waiwaya wajen Inna Hajara. Tana zaune a bakin zaure sanye da koɗaɗɗiyar rigar, tana shafa hannun rigar, tana murmushi ita kaɗai.

Tun daga ranar ba na buga hatimi sai na tambayi mai saye yaushe za a saka. Mutanenmu ba sa saye yau su saka gobe, suna ajiyewa ne don wata rana. Kuma in wani ya dawo muku da kaya, kafin ku duba kwanan wata, ku tambaye shi me aka ce masa a gida.