Ko Wake-wake ta isa gida?

Kafin in fara, gara in faɗi gaskiya: ban tabbata duk abin da zan rubuta haka ya faru ba. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas a lokacin, yau kuwa na haura talatin, kuma na lura tunanin mutum yana da halin cike giɓi da abin da ya gani daga baya. Da maganar filin kakarmu ba ta taso ba, da na bar labarin inda yake kwance. Amma ta taso, kuma amsata ake jira.

Kakarmu Iya Kulu ta yi zamanta a wani ɗan ƙauye kusa da Maijirgi. Da sanyi ya shigo, gero ya shiga rumbu, ana idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Mu shida ne ko bakwai, ban riƙe ba. Takan turbuɗa gyaɗa cikin toka mai zafi, ta ce wanda ya sa hannu kafin ta ba da izini, a bakin rabonsa. Bayanta akwai akurkin laka, kuma har yau idan na tuna muryarta sai in ji gunagunin kaji a ƙarƙashinta, suna gyara kwanciya. Takan ƙirga su da sunansu kafin ta duba ko mu mun cika. Yayana Sanusi yakan ce, "Iya, kaji kika fi so da mu." Ita kuma ta ce, "Su suna ba ni ƙwai, angona. Kai mi ka taɓa ba ni ban da ciwon kai?"

Tana da wata ɗabi'a da ban gani wurin kowa ba. Ranar da aka yanka kaza, ba mai taɓa ƙundu sai ita. Ƙundu na maigida ne, kowa ya sani, amma kafin ya shiga tukunya sai ta tsaga shi da ƴar wuƙarta, ta zazzage abin da ke ciki a tafin hannu, ta duba kamar mai karanta wasiƙa. "Wagga ta je bakin rijiya, ga jan yashi. Ta shiga gonar maƙwabta, ɓarauniya, ga ƙwayar yakuwa." Daga nan ta zaɓi tsakuwar da ta fi santsi, ta wanke, ta jefa cikin wani tsohon gwangwanin tumatir. Yaron da ya kai ƙarshen tatsuniya idonsa biyu, shi ake ba tsakuwa ɗaya. Ni na tara uku. Ban san inda suka shige ba.

Tatsuniyar da nake magana a kanta, ga yadda na riƙe ta. Iya takan buɗe da cewa, "Ga ta nan ta taho da ƙafarta," mu ce, "A ba ta tabarma."

Wai a wata shekara shaho ya addabi kajin wani gari, kullum sai ya sure tsako. Sai ga tunku ya zo da tattausar murya, ya yi sallama, ya ce tausayinsu ya hana shi barci. Ya ce ya gina masu ɗaki babba, mai rufi, shaho ba ya ganin ciki. Ba rana, ba ruwan sama, ba tono. Tsaba har wuya, ruwa a gaban baki. Kaji suka ce, "To mi za mu biya ka?" Ya ce, "Haba, tsakaninmu? Ku dai ku ci ku yi ƙiba, shi ne farin cikina." A nan Iya takan kwaikwayi muryarsa, ta lanƙwasa wuya, ta lumshe ido, mu yi ta dariya har wani ya kusa faɗawa wuta.

Duka suka shiga, sai wata tsohuwar kaza mai zane-zane, Wake-wake, ta ce ita sai ta ga yadda ta kaya. Bayan kwana arba'in ta je gaishe su. Ta tarar sun yi ƙiba, kowace na zaune a kan ƙirjinta, ba mai tashi ta tarye ta. Aka zuba mata tsaba. Ta ce, "Madalla. A ba ni ƴar tsakuwa in haɗa." Suka dubi juna. Suka ce nan ba tsakuwa, tunku ya share ƙasa tas don kada su ji ciwo. Ta ce, "To da mi kuke niƙa abin da kuka ci?" Suka ci gaba da caccakar tsaba. Ta ce, "Ina zakaran da ya shigo da ku? Ina ƙanwata mai jan wuya?" Aka ce tunku ya kai su wani ɗaki da ya fi wannan. Wake-wake ta dubi ƙofa, ta ga a buɗe take, ba ko sakata. Ta ce, "Ku taso mu tahi." Suka yunƙura, ƙafa ta ƙi ɗaukarsu. Ashe shi ya sa tunku bai damu da rufe ƙofa ba. Ta fita ita kaɗai, tana bin gindin danga, tana ɓuya in inuwar shaho ta gifta, har ta isa gida. Iya ta rufe da cewa, "Ta ƙare, kowa ya ɗauki ƙafarsa," mu watse.

Akwai wani wuri da nake zargin kaina. A tunanina, cikin ɗakin tunku akwai fitila da ba ta mutuwa, don kaji su zaci kullum rana ce, su yi ta ci. Amma ina Iya ta san wannan? Ƙauyenmu ko kuran, wato wutar lantarki, babu a lokacin. Ina jin ni na ɗauko fitilar daga wani wuri na liƙa wa tatsuniyarta, kuma na san wurin.

Bayan na gama karatun kiwo, an tura ni koyon aiki wata uku a wani gidan kaji da ke bayan birni. Ba zan faɗi sunansa ba, don masu shi ba mugaye ba ne, yadda ake yi suke yi. Ranar farko warin kashi ya sa idona hawaye tun daga bakin ƙofa. Fararen kaji ne cunkushe, ba inda za ka sa ƙafa sai ka ture wata. Ampul, ƙwan fitilar lantarki, na ci dare da rana. Cikin sati shida tsako ya zama abin yanka, ƙirji ya yi nauyi, gashin ciki ya tuje saboda zama kan jiƙaƙƙen ƙasa. Wasu in za su sha ruwa, da fiffike suke ja. Lokacin zafi kuwa, aikin farko da safe shi ne tsince waɗanda suka mutu. Magani ba ya yankewa cikin ruwan shansu, kuma ban iya rantsuwa cewa ana dakatar da shi kwanakin da ya kamata kafin a sayar ba. Ban ce ba a yi ba, ban dai gani ba. Wata rana aka manta ƙofa a buɗe kusan rabin awa. Na dawo da gudu. Ko ɗaya ba ta fita ba.

Yanzu ga abin da ya kawo wannan rubutu. Iya ta rasu shekara huɗu ke nan, filinta yana nan kango, da ɗakinta da akurkin da ya rushe rabi. Yaya Sanusi, wanda yake kabu-kabu a Gidan Amumune, ya gaji da babur, bayansa ya fara ciwo. Yana so a share filin a gina ɗakin kajin Turawa irin wancan, ni kuma in zana tsarin, tunda ni aka kai lakwal, na yi boko. Ban ga laifinsa ba, yana da ƴaƴa biyar. Na ce masa a yi kiwon, amma na kajin gida, a kewaye fili da waya, a bar su su yi tono, a riƙa yi masu rigakafi kafin sanyi. Ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, kazar da za ta yi wata shida kafin ta isa yanka? Kai albashi gare ka. Ni yaran nan tono za su ci?"

Muka kai magana gaban Gwaggo Hajo, ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴan Iya, kuma ba a taɓa filin sai da yardarta. Ta saurare mu tana tsinkar zogale, ta ce, "Abin da tsohuwa za ta so, shi za a yi." Nan na yi saurin kawo tatsuniyar Wake-wake, ina ganin na gama da shi. Sai Yaya ya fashe da dariya.

"Wa ya ce maka ta isa gida? Shaho ya ɗauke ta a hanya! Tana fitowa ya sure ta, gashinta ya watse bisa danga."

Na ce, "Yaya, ba haka ba ne."

"Kai da kake gyangyaɗi tun tunku bai gama sallama ba? Ni ke zaune jikin ƙafar Iya. Cewa ta yi, mai yawo shi ke gamuwa da shaho, kowa ya zamna inda aka aje shi."

Muka juya ga Gwaggo. Ta ce, "Kada ku dube ni. Lokacin da kuke shan tatsuniya ni ina wanke tukwanen da kuka ɓata. Ku nemo waɗanda suka zauna."

Ba zan ɓoye ba, na zargi Yaya. Na ce a raina ɗakin kajin da yake so shi ya gyara masa ƙarshen labari. Da na kwanta sai zargin ya juyo kaina: ni da na riga na kama kaina da ƙara fitila, me zai hana in kai Wake-wake gida don haka nake so? Akwai ma abu na uku. Iya ba ta da amana wajen ƙarshen tatsuniya, Allah ya jiƙanta. Yaya yaro ne mai yawon tsiya, sau biyu ana nemo shi a bakin tabki. Ba mamaki a daren da ya ɓata mata rai ta sa shaho ya ci Wake-wake don shi, a wani daren kuma ta kai ta gida don ni, matsoracin da ba ya fita ƙofar gida. In haka ne, mu duka mun faɗi gaskiya, kuma ba mu san abin da take so ba.

Ran kasuwar Gidan Amumune na je wajen Yaya don mu sake magana. Na sayi kaza wurin wani mutum da ya rantse mini ta gida ce, ga ƙafafunta duk ƙasa. Jikina bai ba ni ba, don ƙasar ta yi kama da wadda aka shafa, farcenta kuma dogaye ne, ba su ci tono ba. Da aka yanka na karɓi ƙundun na tsaga da kaina. Ƙarami ne, fari-fari, ba komai ciki sai wani rawayan gari kamar kunu. Na zazzage a tafin hannu na miƙa wa Yaya. Ya duba ya daɗe. Ya ce, "Wagga ba ta je ko'ina ba." Da muryar Iya ya faɗe shi, ban sani ba ko ya lura. Sai kuma ya ce, "Amma ai za a ci ta," aka kuwa ci, har da ni.

Sati biyu da suka wuce Yaya ya je ya kafa turaku a filin, ya ja igiya, bai jira Gwaggo ba. Ya kira ni a waya ya ce wajen kwashe tarkacen ɗakin ya sami gwangwanin tumatir a saman bango, ya yi tsatsa, tsakuwa rabinsa. Na ce, "Ka zubar?" Ya ce a'a, yana cikin akwatin babur ɗinsa, sai ƙara yake masa a hanya. Bulo dai bai sayo ba tukuna. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe in zana masa ɗakin.

Da ina ganin tatsuniyar gargaɗi ce a kan mai daɗin baki. Yanzu abin da ya fi tsaya mini shi ne buɗaɗɗiyar ƙofar nan da ba wadda ta iya fita. Na kuma gane ina ɓuya bayan Iya ne, don ina jin nauyin in ce wa yayana a'a da bakina. To na faɗa masa jiya: ko da shaho ya ci Wake-wake, hannuna ba zai zana ɗakin da kaza za ta kasa tsayuwa ba. Tsarin fili da waya na zana, yana nan, kuma zan zo duk ƙarshen wata in yi rigakafin da kaina. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Hukuncin filin kuwa yana hannun Gwaggo, ita kuma shaidu take jira.

Don haka nake roƙon duk wanda ya zauna bakin wutar nan. Rabi da ke aure a Tasawa, Hamisu da aka ce yana Agadas, ƴaƴan maƙwabta da kan tsallako danga don gyaɗa. In na ƙara, ku rage. In na rage, ku ƙara. Fitilar nan, akwai ta ko babu? Kada ku duba wanda zai ji daɗi cikinmu, ku aika wa Gwaggo Hajo kai tsaye, ba ta hannuna ba, don ni ma ban yarda da kaina ba. Abu ɗaya take son ji kafin a kawo bulo: a daren da kuka ji ta, Wake-wake ta isa gida?