Wardi a Ɗakin Turare

Jan furen wardi na fara hangowa ta tagar mota, muna sauka daga gadar Wudil wata Laraba da hantsi. Yana can ƙasa a bakin kogi, tsakanin fadamar albasa da wurin masu tukwane. Na sha karanta wardi a littattafan soyayyar da nake haya tun ina sakandare, saurayi ya miƙa, budurwa ta sunkuyar da kai, amma ban taɓa ganinsa a jikin itacensa ba. Na ce wa direba akwai sauka.

Lokacin shekarata biyu ina sana'ar jeren ɗakin amare: labule, zanen gado, kafet, da furen roba a kan kabad. A makon nan na samu aiki mafi girma da na taɓa samu, ɗakin 'yar wata malamar jami'a. Gwaggonnin amarya ba su so ba, don a danginsu su ke yin jere da hannunsu. Uwar ce ta tsaya mini. In na kunyata ta, na san babu mai sake kirana a unguwar malamai.

Mai lambun dattijo ne ɗan Indabo, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Bayan mun gaisa na ce ina son wardinsa gaba ɗaya ranar Juma'a.

"Yaushe za a kai amaryar?"

"Lahadi bayan la'asar."

"To ki zo Lahadi, 'yar nan."

"Baba, jere Juma'a ake yi."

"Jeren katako ba. Wannan mai rai ne."

Na nace. A raina na riga na gama ganin ɗakin, amarya ta yaye mayafi ta tarar da ja ko'ina. Da ranar ta zo ya yanka mini, yana girgiza kai.

Juma'a ɗakin ya yi kyau ƙwarai, har na tsaya a bakin ƙofa na kasa tafiya. Abin da ban saka a lissafi ba, ni da na tashi cikinsa, shi ne turare. Ina fita gwaggonni suka shiga da kasko uku na turaren wuta, suka rufe tagogi, suka ja ƙofa, yadda ake yi don ƙamshi ya kama labule da katifa. Ga shi watan zafi.

Asabar da safe na dawo dubawa. Furannin duk sun langaɓe, sun yi baƙi-baƙi. Babbar gwaggo ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

"Ku zo ku gani, zoɓo aka shanya wa 'yarmu! Mai jere, da citta za mu haɗa ko da kanumfari?"

Aka kwashe da dariya. Uwar amarya ta juyo ta dube ni.

Na koma bakin kogi. Baba bai ce ai na faɗa miki ba. Wardi kuwa babu, na riga na ƙarar. Ya zauna a kan bokiti ya shiga tambaya: ina taga take kallo, gabas ko yamma? Wane launi ne labulen? Ƙarfe nawa ake fitar da kasko? Na ciro ƙyallen labulen daga jakata. Ya riƙa kara shi a jikin ganyaye har ya zaɓi shuka shida masu faɗin ganye, muka sa su a jajayen tukwanen maƙwabtansa. Ya ce waɗannan a baranda za su zauna, ba ruwansu da hayaƙi. Na cikin ɗaki kuma wani ƙaramin farin fure ne, ba zai yanka ba sai Lahadi da azahar, kuma sai an buɗe taga.

Buɗe tagar nan ya fi komai wuya. Na durƙusa gaban gwaggo na roƙe ta ta gama turarenta kafin azahar.

"Wato ciyawa ce za ta ba ni lokaci?"

"Ƙamshinki ya riga ya kama, Gwaggo. Ko wata guda aka yi ba zai fita ba."

Wannan ya yi mata daɗi. Ta ce awa biyu ta ba ni in buɗe tagar, kada in ƙara minti.

Amarya ta shigo tana kuka a cikin mayafi, ban jin ta ma ga furen. Amma matan malamai sun gani, biyu suka karɓi lambata kafin magariba.

Shekara tara muka yi aiki tare. Ni in kai ƙyalle da bayanin ɗaki, shi ya zaɓa, kuma shi ke yanke lokacin da fure zai shiga. Bai taɓa taka ɗakin amarya ko ɗaya ba, iyakarsa ƙofar gida, sai dai in nuna masa hoto a waya.

Ciwon gwiwa ya hana shi ɗaukar ruwa daga baya. Ya bar wa wani mai latas lambun, ya koma Indabo yana kiwon tumaki. Bara ya aurar da autarsa, ni na yi jeren. Na tambaye shi wane fure za mu sa. Ya ce in sa na roba, yarinyar ba ta da haƙurin ban ruwa.