Shirun da Kawu ke cikewa

Jiya na wuce wani shagon tsofaffin kaya a unguwar Harlem, nan ƙasar waje, sai ga rikoda irin ta Kawu, mai cin kaset kuma mai juya manyan faya-fayai. Na tsaya cak.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in na zauna a gidansa a nan ina karatun jinya, shi kuma yana tuƙi a ofishin jakadanci. Kaset ɗaya ke kai-komo tsakaninmu da Kano. In ya zo mu saurara, mu naɗi namu a kansa, a mayar. Amma Kawu ba ya bari a naɗi komai sai ya kwashe muryoyin gida zuwa babban faifai. "Muryar mutum ba abar gogewa ba ce," haka yake cewa.

Wata Lahadi ana dusar ƙanƙara, Kawu ya saka wani faifai, rikodar ta ɗau zafi tana wari kamar dutsen guga, sai muryar Inna mahaifiyarsa ta fito: "Kun tashi lafiya?" Ta yi shiru tana jiran amsa. Kawu ya durƙusa a gaban rikodar.

"Lafiya lau, Inna."

"Yaya sanyi?"

"Lokacinsa ne, Inna."

Alhali an riga an yi sadakar arba'in ɗinta.

Faya-fayan suna wurina yanzu. Kowa na ciki ban da shi, don tasa muryar, Kano take tafiya, a naɗi wata a kai. Inna ta tambaya, ta yi shiru, babu mai amsawa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sada shi da ita inda za ta ji amsar.