Jan haske a gwiwar Inna Falmata

"Ɗana, kashe abin nan. Na taɓa ganin jan ɗigo irinsa, daga bindiga yake fitowa."

Haka Inna Falmata, ƙanwar mahaifiyata, ta ce wa lokotoro jiya da safe a wani asibiti nan Diffa, tana janye ƙafarta.

Tun shekarar da ta gudo daga Geskeru a ƙafa saboda 'yan bindiga, ta bar gonar tattasanta, ciwon gwiwa ya hana ta sujada. A zaune take salla.

Abin da ke hannun lokotoron kamar bik na rubutu yake, sunansa leza. Ya ce dabarar 'yan Sin ce ta soka allura a wasu gurabe na jiki don rage ciwo, sai dai nan haske ne a madadin allura.

Bai yi mata gardama ba. Ya haska tafin hannunsa, sannan ya miƙa mata. Ta haska nata, ta daɗe tana kallo.

"Ba zafi, ba jini. To ta ina maganin ke shiga?"

Ya yi dariya. "Inna, wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu. Mu gwada mu gani."

Ta miƙe ƙafar da kanta.

Yau ta ce gwiwar ta ɗan yi shiru. Ko hasken ne, ko tsoron da ta ajiye a ɗakin nan, ban sani ba. Jama'a, akwai wanda ya taɓa gwadawa?