Shelar da ta kori maza daga layin allura

Ranaku da yawa sun zube mini daga kai kamar gero daga tsohon buhu, amma ranar da muka shimfiɗa kayan allura a bakin gulbi, mata suka cika layi, ko namiji guda bai leƙo ba in ban da mai shelarmu, wannan tana nan daram. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ku matso ku ji. Ni ban yi boko ba. Ungozoma ce ni tun ina da ƙarfin durƙuso, daga baya aka ɗauke ni cikin masu shiga gida gida suna kiran mutane rigakafi a ƙasar Bagudo.

Ƙarshen damina ne, bayan zancen korona ya lafa. Shawara ta ɓulla a ƙauyukan bakin ruwa, can gaba da Lolo, inda in ka kasa kunne da asuba kana jin carar zakarun ƙasar Benin. Shawara zazzaɓi ce da sauro ke kawowa. Hanta take nema, ido ya koma ruwan ɗorawa, in ta yi tsanani mutum ya yi aman jini. Allurarta guda ce a damtse, an ce tana tsare mutum iya rayuwarsa.

Ga yadda ayarinmu yake. Akwai Malam Bello, shi ne incaji, wato shugaban ɗakin shan magani, akwatin sanyi a hannunsa yake. Akwai Sista Asabe mai yin allura, da mai rubuta kati. Akwai mai shela, sannan ni. Maganin a cikin ƙanƙara yake tafiya, kuma in aka haɗa kwalba ba ta kwana, don haka ba a buɗewa sai mutane sun taru. Wanda aka yi wa, ya zauna gindin itace a ɗan duba shi kafin ya tafi. Masu ciki da jariran da ba su kai wata tara ba, ba a yi musu. Mai shela kuwa abu kaɗan ake ba shi ya faɗa: rana, wuri, da cewa kyauta ce.

Mai shelarmu Garba ne, jikan yayata, don haka mijina ne na wasa. Mutumin kirki, ba ya rasa sahun farko a masallaci, sai dai bakinsa ba ya barin miya yadda aka ba shi, sai ya ƙara gishiri. Ana gobe za mu fara, ya zaga gari da lasifika, ya faɗi abin da aka ba shi, sannan ya ɗora nasa:

"Jama'a, ku ji da kyau! Allura wagga ba ta shiri da barasa. Duk wanda ya taɓa kurɓa, ba ta kama jikinai, kuma hannunai kumbura shika yi, kowa shi gani!"

To, sai na yi muku bayanin garin. Garin Musulmi ne, ba wanda ke sha a fili. Amma iyaka ga ta nan, kuma akwai wata barasa mai ƙarfi ta tsallake, sodabi ake ce mata, tana shigowa a jarka ƙarƙashin kwandunan kifi. Wasu masunta na kurɓa, wai don sanyin ruwa. Kowa ya sani, kuma ba wanda ya sani. Haka ake zaune.

Da gari ya waye muka kafa tebur. Garba ne ya fara miƙa damtse, yana taƙama, aka yi masa, ya tafi. Mata suka zo da goyo da na hannu. Muka jira maza har rana ta take. Shiru. Masu sha sun ji tsoro, wannan a fili yake. Amma waɗanda ko warinta ba su sani ba, su ma sun ƙi zuwa, don kowa ya san allura kan kumbura hannun kowa, kuma wa zai yarda ya shiga sahu da kumburarren damtse bayan shelar jiya? Namiji ya gwammace ya yi caca da shawara da a nuna shi da baki.

Bayan la'asar na gangara mashayar gulbi ina wanke ƙafa, sai ga Mamman mai jirgi. Ni na yanke cibiyar Mamman. A makon da ya wuce aka binne ƙanensa Sani, shawara ce ta ɗauke shi. Matar Mamman, Hajo, tana da tsohon ciki, ga 'ya'yan Sani sun dawo wuyansa. Gida biyu ke ci daga jirgi guda. Mu kuwa kwananmu a garin ƙidayayye ne, daga ranar kasuwa za mu naɗe kaya mu yi gaba.

"Inna, sannu da aiki."

"Sannu, ɗana. Ban gan ka a layi ba."

"Jirgi ya yi ɗigo, ina liƙi."

"Ikon Allah. Jiragen garin ga duk yau suka yi ɗigo?"

Ya yi 'yar dariyar yaƙe. Ya tsuguna yana wasa da igiyar jirgi, ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Inna, akwai wani abokina can tsallake, mutumin Benin ne. Shi ya ce in tambaya mai. Shina ɗan taɓa abin nan da Garba ya faɗa. To in an yi mai allura, banza ce? Ko kashe shi taka yi?"

"Abokin naka kullum yake sha?"

"Da dai sai ranar kasuwa. Amma tun da ƙanenai ya rasu..."

Sai ya kau da kai ya koma kan igiyar. Ni kuwa na ci gaba da cuɗa dugadugaina kamar ban ji ba. Ruwa na bugun gefen jirgi.

Na ce, "Allah ya jiƙan ƙanen abokinka. Ni ban san amsar ba, kuma ba zan ba ka zato ka kai wa mutum ba. Ka bar ni in tambayi wanda ya karanta."

Na tarar da Malam Bello yana canza ƙanƙarar akwati, ransa a ɓace, don sai da rana ya ji labarin shelar. Shi a Bagudo ya kwana, da safe ya iso kan babur. Na gaishe shi, na ce an aiko ni da tambayar wani mutumin tsallake.

Ya ajiye murfin akwati ya dube ni. "Inna, har da ke? Yau duk wanda ya raɓe ni a ɓoye, aboki gare shi a Benin. Ban san garin nan na da zumunci haka ba."

Bai tambaye ni ko wane ne ba. Ya jawo mini benci, ya yi mini bayani dalla dalla, yadda zan iya ɗauka a ka, tunda ba takarda zan duba ba.

Ya ce, "Barasa ba ta kashe allura, allura kuma ba ta zama guba don ta tarar da barasa a jiki. Wanda ya ɗan kurɓa jiya ko shekaranjiya, allura za ta yi aikinta. Wanda ya daɗe yana sha da yawa, jikinsa ya riga ya yi rauni, kariyar da zai samu tana iya gaza ta mai cikakkiyar lafiya. Amma shi ne ma ya fi bukata, don shawara hanta take nema, barasa kuwa ta riga ta fara ɓarna a wurin. Ki ce masa ya zo garau, ba a buge ba. Ya ɗaga wa kwalba ƙafa a kwanakin nan, jiki ya samu sarari, kuma in zazzaɓi ya zo mu san na mene ne. In yana da wata cuta mai tsanani, ya faɗa mini a kunne kafin a yi. Kumburi kuwa, ko liman aka yi wa, hannunsa na iya kumbura."

Na ce, "To haramcinta fa, Malam? Kada a ce mun sa mata albarka."

Ya ce, "Wannan aikin malamai ne, kuma suna yi kowace Juma'a. Mu da allura aka aiko mu."

Na maimaita masa maganar har ya ce na riƙe daidai. Amma ya ce saƙon mutum guda ba zai cika layi ba. Bakin da ya ɓata, shi zai gyara. In Garba ya ƙi, zai kai rahotonsa Bagudo a sauya shi.

Washegari da hantsi ba a ji lasifika ba. Na nufi gidan Garba. Na same shi a zaure, cikin zafin nan na ƙarshen damina, ya zuba babbar riga, ya naɗe hannun hagu a jiki kamar mai ɓoye kaza. Goshinsa na naso.

"Maigidana, lafiya? Ko ango za a yi ban sani ba?"

"Lafiya lau, Kaka. Sanyi nika ji."

"Miƙo hannun in gani."

Ya ƙi. Na kama rigar na ɗaga. Damtse ya yi jawur, ya tashi kamar ƙosai.

Na tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Ashe kai ma? Tun yaushe, mijina? Da kofi kake yi ko da jarka?"

"Wallahi tallahi, Kaka, ko warinta ban sani ba! Ki rufa mini asiri!"

"Ni mi na ce? Shelarka ce ta faɗa. Gari duka ya ji."

Ya dafe kai. Ya ce shi nufinsa alheri ne, ya ga dama ta samu, ya ce bari ya tsorata su su bar sha, ya samu lada.

Na ce, "Ka tsorata su kam. Sun bar allura, ba su bar kwalba ba. In shawara ta ɗauki wani cikinsu bayan mun tafi, ladan wa ke nan?"

Ya dubi kumburin hannunsa. Sannan ya tuɓe babbar rigar, ya naɗe hannun taguwa har kafaɗa, ya ɗauki lasifika da hannun dama. Muka biya wurin Malam Bello, ya duba kumburin, ya ce na yau da gobe ne, zai sauka. Ya ba shi maganin zazzaɓi, ya kuma ba shi kalmomin da zai faɗa, ya ja masa kunne kada ya ƙara ko gishiri.

Mashaya ya fara nufa, inda masunta ke warware taru. Ina biye da shi daga nesa.

"Jama'a, ni ne Garba! Kun san ni, kun san ubana. Ga hannuna, ku duba da kyau. Ya kumbura, kuma Allah shina gani ban taɓa sha ba. Abin da na faɗa shekaranjiya daga kaina na ƙago shi. Kumburi na kowa ne, kwana kaɗan ya sauka. Barasa ba ta hana allura aiki. Duk mai aboki a tsallake, ya gaya mai ya zo garau a yi mai, ba mai tambayar shi komi!"

Wani tsohon masunci ya ɗago daga cikin jirgi ya ce, "Garba, faɗi gaskiya dai, ta wace jarka ce ta kama ka?"

Mashaya ta ɗauki dariya. Wani ya ce dama shi ya lura ƙafar Garba na karkata in za shi masallaci. Garba ya tsaya ya sha dariyar, bai gudu ba, hannunsa a sama. Wannan jarumtar na riƙe masa har yau. Da dariyar ta lafa, sai na ga tsohon nan ya ɗaure jirginsa ya ce, "To mu je mu kumbura gaba ɗaya, a rasa na nunawa." Haka suka hauro, suna tsokanar juna.

Mamman bai bi su ba. Yana can gefe yana liƙin jirgin da ba ya ɗigo. Na je na tsaya kansa, na ba shi saƙon Malam Bello kamar yadda na karɓo, ban rage zancen hanta ba, ban kuma ƙara wa'azi ba.

Ya ce, "Ko da ya sha shekaranjiya?"

"Ko da ya sha. Yau fa?"

"Yau bai taɓa ba. Jiya ma bai taɓa ba."

"To ka ce masa ana buɗe kwalbar ƙarshe bayan azahar."

Shi ne na ƙarshe a layi. Malam Bello ya yi masa tambayoyin da yake yi wa kowa, bai ƙara ko ɗaya ba. Sista Asabe ta soka, ya runtse ido kamar wanda ke jiran aradu. Ya koma gindin itace ya zauna yana sauraron jikinsa. Ba abin da ya faru, sai ƙuda da ya sauka a gwiwarsa. Da lokaci ya yi aka miƙa masa kati, ya sa a aljihu, ya sauke wani dogon numfashi. A ranar Juma'a kuwa, an ce rabin sahu da hannu guda suke gyara hula.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, ga shi. Saƙon lafiya amana ne, yadda aka ba ka haka za ka kai, ko da kana ganin ƙarinka alheri ne. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka je ka tambayo. Kuma mutanenmu kunya ta fi musu ciwo zafi. In mutum ya zo muku da tambayar abokinsa, ku amsa wa abokin, ku bar shi da rigarsa.

Hajo ta sauka lafiya, aka aiko aka ɗauko ni, ni na karɓi yarinyar. Da ta cika wata tara, Mamman da kansa ya kawo ta ɗakin shan magani, namiji guda a tsakiyar mata, ya riƙe ta aka yi mata tata allurar shawarar. Da zai fita ya rage tsawo kusa da ni.

"Inna, abokin nan nawa shina gaishe ki."

"Ina amsawa. Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Ya rage ƙwarai."

"Ka ce masa ya ƙarasa."

"Ya ji, Inna."

Ya saɓa 'yarsa a kafaɗa ya gangara bakin ruwa. Har yau ban tambayi sunan abokin ba.