Bututun Garga

Duk wanda famfonsa ya taɓa lalacewa a unguwarmu ta Briketeri ya san Garga. Aikin ruwa ba a kai shi ba, wannan ko ni da ba na ƙaunarsa sai in faɗa. Shagon ɗinkina yana kallon ƙofarsa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Daga arewa ya zo yana saurayi, ba shi da ko tabarmar kwanciya. Inna Zaitun mai ƙosai ce ta ba shi zaure, ta ci da shi har ya koyi gyaran famfo. Ɗakinta na jar ƙasa ne, a gindin gangare, inda kwatar layinmu take yin kwana.

Garga yana da wata ɗabi'a. Da an yi ruwan sama sai ya fito da sanda da totuwar masara. Ya auna faɗin kwata, ya tsoma sanda ya ga zurfin ruwa, sannan ya jefa totuwa ya bi ta yana duban agogo.

"Faɗi sau zurfi sau gudu," ya taɓa ce mini. "In ka san wannan, ka san yawan ruwan da ke wucewa. Shi ruwa ba ya ƙarya. In hanya ta yi masa kaɗan, zai nemi wata."

Allah ya buɗa masa. Ya gina bene a kan gangaren, kusa da ɗakin Inna, ya sayi mota, sai ya rasa wurin ajiye ta. Ya sami tsohuwa har gida.

"Inna, ki koma unguwar Nkomkana wajen Rahinatu mana, 'yarki ce. Ki bar mini nan in yi garaji."

"Ɗana, a ɗakin nan aka yi wa mijina wanka. Nan za a yi mini."

Bai yi musu ba. Ya ce, "To, Inna," har da rusunawa.

Daminar nan kaf na riƙa ganinsa a kwanar bangonta da sanda da totuwa. Da rani ya shigo sai ya tashi a masallaci ya ce zai rufe kwatar layinmu da bututu, sadaka, saboda wari da sauro. Aka yi ta sa masa albarka. Liman har ya kafa misali da shi a wa'azi. Inna kanta ta aika wa leburorinsa da ƙosai, tana murna ɗanta ya zama mutum.

Bututun da ya binne bakinsa bai fi faranti ba. Wani tsoho ya ce anya bai yi kaɗan ba? Aka yi masa caa, wai zai koya wa Garga aikin ruwa.

Ruwan Oktoba ya sauko wata Laraba bayan la'asar. Duk abin da ya gangaro daga kwanukan rufin gidajen layinmu ya taru a bakin bututu, ya rasa hanya, ya nemi wata. Ya doki bangon Inna daidai inda Garga ya saba tsayawa. Kafin mu tsallaka, ɗakin ya zauna. Mun jawo ta da rai, amma ƙugunta ya karye, kaskon ƙosanta kuwa a can ƙasan layi aka tsince shi.

Garga ne ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti, yana ta faɗin, "Ikon Allah ne, Inna, sai haƙuri." Ita kuma tana riƙe da hannunsa tana cewa Allah ya yi masa albarka. Wannan albarkar har yau tana ƙona mini rai.

Ba ta sake takawa ba. A Nkomkana ta rasu, a can aka yi mata wanka, a ɗakin da ba nata ba.

Bayan sadakar bakwai filin ya koma hannun Garga, ya share shi, ya zuba siminti. Amma ai mota ba ta son ambaliya, sai ya sa aka tone ƙaramin bututun aka sa babba, mai baki kamar na ganga. Ban ga motar da ta kawo shi ba. Daga bayan gidansa leburori suka mirgino shi, tamfol ɗin da aka rufe shi da shi duk ya yi gansakuka.