Baƙin Akwatin da Ya Riga Ɗana Isowa Gida

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye kaki ba, na koma sana'ar da na gada, noman albasa. Gidana yana Jega, gonar kuwa tana can wajen Sabiyal, ta Aliero. Da muƙamin samanja na yi ritaya, kuma har yau da shi ake kirana. Maiɗakina ma in tana son tsokanata, da shi take farawa.

Babban ɗana shi ma soja ne. An kai su arewa maso gabas a kan shekara biyu za su yi, sai ga shi ana neman ta biyar. Ana nan aka naɗa sababbin hafsoshin tsaro, rediyo ta ce sun yi alkawarin sauya duk sojan da ya daɗe a fagen daga. A majalisarmu ta tsofaffin sojoji babu wanda ya kai ni kushe maganar. Na ce na ga shugabanni iri-iri, hula kawai ake canjawa, wanda ke cikin rami yana cikin raminsa. Abokina, wani tsohon kofur mutumin Aliero, ya ce, "Samanja, ka bari su zamna bisa kujera tukuna mana." Na ce masa ai shi ya sa ya ƙare a kofur, saurin yarda ya yi masa yawa.

Akwai wani aiki da na yi a ƙarshen zamana a bariki wanda ba na son tunawa. Idan soja ya rasu, mu ake turawa mu kai kayansa gida. Kowane soja yana da baƙin akwatin ƙarfe, an rubuta lambarsa da farin fenti. Ku biyu za ku tafi, cikin kaki, ba a bugo waya kafin a isa. Ba a faɗa wa uwa, uban ake nema, in ba ya nan a jira shi. Na sha yin wannan tafiya, ban taɓa sabawa da ita ba.

Wata Laraba da hantsi ina gona muna ban ruwa, sai maƙwabcina ya kira ni. Da murnarsa ma ya kira.

"Samanja, ka yi baƙi. Wasu sojoji biyu sunka zo da mota, sun sauke akwati gidanka."

Na ce, "Wane irin akwati?"

"Baƙi na, na ƙarhe, da rubutu hwari bisa. Sun ce kai suka jira."

Ban san lokacin da na zauna cikin ruwan ba. Na kira lambar ɗana, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na ɗauko lambar maiɗakina na tsaya ina kallonta, na kasa dannawa, don na san tana jin muryata za ta gane. Na bar injin yana ta zuba ruwa, na hau babur.

A Aliero na tsaya wurin abokina, don ban yarda hannuna zai kai ni Jega ba. Na faɗa masa abin da maƙwabcina ya ce, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya dube ni, ya cire hula, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kun ga ke nan ba ni kaɗai ba ne. Da farar hula na gaya wa, da ya ce in kira gida in tambaya. Amma tsohon soja na gaya wa, shi ma abin da na sani ya sani.

Shi ya karɓi tuƙin. Hanyar da nake bi kullum ba tare da na lura da ita ba, ranar ta ƙi ƙarewa. Ina bayansa ina ta shirya yadda zan tsaya a gaban yaran nan kamar namiji, in karɓi saƙo, in yi musu godiya, kamar yadda na ga wasu iyaye sun yi mini. Sai na tuna ni na raka shi ya shiga aikin, uwarsa tana kuka ina yi mata faɗa. A nan hawaye suka ƙwace mini. Ashe kafin mu taso, abokina ya riga ya koma gefe ya kira limamin unguwarmu.

Mun isa, ga mota a ƙofar gida. Na gyara riga, na yi sallama na shiga zaure. Ga akwatin a jingine da bango, ga lambar ɗana. Ga kuma sojoji biyu a kan tabarma, sun naɗe hannun riga, suna kai loma daga kwanon tuwon shinkafa, ɗaya har yana tsotsar ƙashi.

Na tsaya cak. Wanda ya kawo saƙon mutuwa ba ya cin abinci. Ko ruwa aka ba mu, taɓa kofin kawai muke yi mu ajiye. Waɗannan kuwa har sun kusa ganin gindin kwano.

Suka yi zumbur za su ƙame. Na ce, "Yana da rai?"

Ɗaya ya ce, "Wa, Baba? Lafiyarsa lau! An sauya bataliyarmu, umarni ne daga sama. Ni hutu na samu, gida Maiyama za ni, shi ne ya ce in sauke masa akwati tunda hanya ce. Yana miƙa aiki ne, inda suke babu sabis. Sati mai zuwa yana tafe. Ya ce kuma lallai mu jira mu gaishe ka."

Na zauna a kan akwatin, ina dariya ina share ido. Abokina ya mayar da hularsa a hankali, yana kallon rufin zaure. Daidai nan liman ya yi sallama, da fuskar ta'aziyya.

Babu yadda za a ɓoye. Maiɗakina ta ji komai daga bayan ƙofa. Da baƙi suka tafi ta tsaya a kaina ta ce, "Samanja, kashe mini ɗa ka yi tun daga Aliero har Jega, kuma waya tana aljihunka?" Kunya biyu na sha a makon: tata, da ta majalisa, inda na buɗe baki na ce wannan karon sababbin shugabanni sun cika alkawari. Albasar da na bari cikin ruwa kuwa, rabinta ya ruɓe, ban ko yi ƙorafi ba.

Bayan kwana tara ya iso, ya rame, ya yi baƙi, amma da ƙafafunsa. Bayan ya huta na kira shi gefe na ce, duk inda aka sake kai shi, kada kayansa su ƙara riga shi shigowa gidan nan.

Har yau in na tuna, sai in ji sanyi a raina, in yi hamdala. Sanin da nake taƙama da shi ne ya kusa kashe ni ranar. Amma na ƙaru da abu ɗaya. Da ina tsammanin na san abin da iyayen da na kai wa akwati suke ji, tunda ina tsaye a gabansu. Ashe ban sani ba. Ni na ɗanɗana shi na tsawon hanyar Aliero zuwa Jega kawai, aka sauke mini. Su babu wanda ya biyo bayan akwatinsu.